Kura da Shan Bugu: Tarihin Gasar Kawasaki ta 1995

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin ƙofa a gidan kallo don ya ga resilin, da wuya a ce bai ga ranar da Undertaker ya jeho Mankind daga saman kejin ƙarfe ba. A garin Pittsburgh na Amurka aka yi, ran 28 ga Yuni, 1998. Mutum ya faɗo daga tsayin ƙafa 16 a kan teburin masu sharhi, aka ɗora shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, ya sauko ya sake hawa, aka sake nana shi har rufin kejin ya ɓalle da shi. Can wajen ƙarshe shi da kansa ya kwance bakin jaka ya zazzage ƙananan ƙusoshi a dandamali, kuma shi ɗin aka kayar a kansu. Samari da yawa a Fagge da Tudun Wada da Damagaram sun ɗauka a ranar aka ƙirƙiro wannan ganganci. Alhali shekara uku kafin nan, a wani tsohon filin wasa a Japan, wannan mutumin, Mick Foley, ya riga ya shiga irin wannan azaba har sau uku a yini guda, a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa da ake kira IWA Japan. Ranar Lahadi ce, 20 ga Agusta, 1995, kuma wannan yini yana cikin waɗanda suka fitar da salon jini da waya mai ƙaya daga lungu suka kai shi kasuwar duniya.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane yadda aka yi mutane masu hankali suka kai ga ɗaura nakiya a jikin katako su faɗa a kai.

Resilin ya kafu a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta hannun Rikidozan, tsohon ɗan kokawar sumo, ɗan asalin Koriya. A 1954 mutanen Tokyo kan yi dafifi a bakin titi gaban akwatunan talabijin da aka kafa wa jama'a, suna kallon sa yana zabga wa ƙartin Amurkawa sara da gefen hannu, a ƙasar da ba ta gama warkewa daga shan kashi a hannun Amurka ba. A Disamba 1963 wani ɗan daban yakuza ya soke shi da wuƙa a gidan rawa, bayan mako guda ya mutu. Almajiransa biyu suka gaje shi. A 1972 Giant Baba ya kafa All Japan, shi kuma Antonio Inoki, wanda ya kara da Muhammad Ali a Tokyo a 1976, ya kafa New Japan. Kowannensu yana da babban gidan talabijin a bayansa. Kusan shekara ashirin, gidan Baba da gidan Inoki ne suka mamaye kasuwar.

Atsushi Onita yaron gidan Baba ne. A 1983 ya fasa ƙoƙon gwiwa, zuwa farkon 1985 ya ajiye wasa yana matashi, ya shiga buga-buga, ya yi ta cin bashi. Da ya so komawa bai tarar da ƙofa a buɗe ba. Sai a 1989 ya kafa nasa kamfanin, FMW, ba talabijin, ba jari, ba gwiwar da zai yi tsalle-tsallen da ya saba. Abin da ya rage masa shi ne fatar jikinsa, da kuma abin da ya gani a kudancin Amurka lokacin da aka tura shi koyon sana'a a yankin Tennessee, inda faɗa kan fita daga dandamali ya shiga rumfar masu sayar da abinci, a yi ta jifa da kujeru da kwanoni. Ran 4 ga Agusta, 1990, a unguwar Shiodome ta Tokyo, aka cire igiyoyin dandamali aka maye su da waya mai ƙaya, aka jera ƙananan nakiyoyi a jikin wayar yadda duk wanda ya taɓa ta sai ta tashi da shi. Onita ya kara da Tarzan Goto a ciki. Jaridar Tokyo Sports ta zaɓi wannan karon a matsayin wasan da ya fi kowanne a shekarar, ga su Baba da Inoki da dukiyarsu suna kallo.

Abin da ya sayar da Onita bai tsaya ga nakiya ba. In an gama, yakan ɗauki lasifika jina-jina, yana kuka da hawaye na gaske, yana gaya wa ƙananan ma'aikata da ɗalibai cewa shi ma wanda aka yar ne, kuma bai mutu ba. Sai su yi ta kuka tare da shi. Da haka ya fara cika filin Kawasaki, tsohon filin besbol da ke tsakanin Tokyo da Yokohama, wanda ƙungiyar Lotte ta bari bayan kakar 1991 saboda tsufa da ƙarancin 'yan kallo. Ran 5 ga Mayu, 1993, an sanar da mutum 41,000 sun zo ganin sa da Terry Funk a dandamalin da aka ɗaura wa agogo, in lokaci ya cika ya tashi gaba ɗaya. Ran 5 ga Mayu, 1995, da ya yi wasan sallama da yaronsa Hayabusa, adadin da aka sanar 58,250 ne.

Inda aka ga kasuwa ta buɗe, kowa sai ya kawo hajarsa. Wani ɗan Puerto Rico mai suna Victor Quiñones, wanda ya san inda ake samo 'yan wasan da ba sa gudun jini, ya kafa IWA Japan a 1994 bayan kamfanin W*ING ya durƙushe. A watan Afrilu 1995 Tarzan Goto ya ɓata da FMW, ya kwashi yaransa ya koma IWA. Ga Onita ya sauka, ga Goto a hannu, sai Quiñones da abokansa suka yi ƙuru: za su kama hayar filin Kawasaki, gidan Onita, su yi abin da ko shi bai taɓa yi ba. Maimakon karon mutuwa guda a ƙarshen taro, za a zuba mutum takwas a gasar sili-ɗaya-ƙwale, kowane zagaye da irin tasa azabar, wanda ya kai ƙarshe sai ya bi ta wuta uku. Suka sa wa taron suna Kawasaki Dream, kambun kuwa Sarkin Karon Mutuwa.

Na san abin da mai karatu zai ce a nan: ai resilin shiri ne. Haka ne. Tun a ɗakin sauya kaya an san wanda zai ci, naushi ana rage masa ƙarfi, jinin goshi ma sau da yawa mai shi ne ke tsaga kansa da guntun reza da ya ɓoye a bandejin hannu. Amma waya mai ƙaya ba ta halarci zaman shirin ba, ƙusa ba ta san abokin wasa ba, wutar nakiya kuma ƙuna take yi. Abin da aka tsara shi ne wanda za a ɗaga wa hannu. Raunin da za a kwana da shi, kowa nasa ne. Ni a ganina wannan ma ya fi nauyi, domin ɗan dambe yana shiga fage da fatan ya kauce wa bugu, waɗannan kuwa sun shiga ne sun san dole su kwanta a kan abin da zai yage su, kuma a daidai lokacin da aka ce.

Kamfanin ya sanar da mutum 28,757, ko da yake masu wannan sana'a sun saba ƙara gishiri a lissafin 'yan kallo. Ana tsakiyar zafin Agusta, filin a buɗe. A zagayen farko Tiger Jeet Singh, ɗan Punjab mazaunin Kanada, wanda ke shigowa da takobi a baki yana tarwatsa kujeru, ya fitar da Mr. Gannosuke. Terry Funk ya fitar da Leatherface, mai rufe fuska da fata yana kaɗa zarto mai inji kamar dodon fim ɗin da aka aro sunan daga gare shi. A waɗannan karo biyu an ɗaure 'yan wasa da sarƙa, ga alluna da aka naɗe da waya mai ƙaya. Shoji Nakamaki ya fitar da Hiroshi Ono. Shi kuwa Foley, wanda a lokacin sunansa na wasa Cactus Jack, aka haɗa shi da Terry Gordy, da kulki naɗe da waya, da akwati cike da ƙananan ƙusoshi masu faɗin kai irin na manna takarda a allo, dubbai.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan Gordy. Babban tauraro ne a Texas da Japan, ya riƙe babban kambun All Japan a 1990. A 1993 ya sha ƙwayoyi fiye da kima a jirgin da ke kai shi Japan, ya yi dogon suma, ya farfaɗo ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Wanda ya shiga Kawasaki inuwarsa ce kawai. Foley ne ya ɗauki nauyin wasan, ya bari aka ɗaga shi sama aka maka bayansa a kan ƙusoshin, aka taka fuskarsa a ciki, kafin ya ci. Cewa an sa mutum mai irin wannan lalura a irin wannan fage, abin kunya ne ga duk wanda ya sa hannu a takardar.

A zagaye na biyu Funk ya wuce Singh a tsakanin waya da gilashi. Foley ya wuce Nakamaki a karon da aka shimfiɗa gadon manyan ƙusoshi. A tsakani aka saka wasannin da ba na jini ba don jama'a su numfasa, har da wanda Dan Severn, zakaran gasar UFC ta biyar a watan Afrilun shekarar, ya kare kambun duniya na NWA a hannun Tarzan Goto. A wani taron wannan ne zai zama babban wasa. A nan ya zama abin jiran lokaci.

Duhu ya shiga kafin a kira na ƙarshe. Terry Funk yana da shekara 51. Ɗan gidan kokawa ne daga Amarillo ta Texas, ubansa ɗan wasa, yayansa Dory ya riƙe kambun duniya, shi ma ya ɗauke shi a Disamba 1975 daga hannun Jack Brisco. Japanawa suna son sa kamar ɗansu, tun 1983 suka yi masa bikin sallama da kuka, ya kasa zama a gida. Foley yana da shekara 30, ga mata ga ƙananan yara, ga rabin kunnen dama babu, domin a Maris 1994 igiyar dandamali ta shaƙe shi a Munich ta Jamus, wajen zare kai kunnen ya cire. Ya bar babban kamfanin WCW, yana yawon neman abinci a ƙananan zauruka. Funk uban gidansa ne kuma amininsa. Abin da dattijon ya zo yi a daren shi ne ya miƙa wa yaron suna, kuma hanyar miƙawar ita ce su yi wa juna illa a gaban jama'a.

An cire igiyoyi an ja waya mai ƙaya. An ajiye alluna masu waya da nakiya. An kunna agogo: minti goma na cika dandamalin zai tashi. Suka shigo kowa da bandejin raunukan rana. Duk wanda aka jefa kan allo sai ka ji ƙara kamar ta bindiga, hayaƙi ya turnuƙe, a gan shi yana birgima. Tiger Jeet Singh ya kutso ya taya Foley dukan Funk. Sai aka fara ƙidayar daƙiƙu ta lasifika, dubban mutane suka riƙe numfashi, waɗanda suka ga tashin dandamalin Onita suna jiran irinsa.

Da lokacin ya cika, sai 'yan tartsatsi suka tashi a gefe, da ɗan hayaƙi. Shi ke nan. Abin da aka sayar wa mutane tikiti dominsa ya ƙi tashi.

A nan ne, a ganina, tarihin yake. Da an tsaya a haka, da taron ya zama abin dariya, da kuma sunan Kawasaki Dream ya bi ruwa. Mutanen nan biyu, a gajiye, jini na zuba, suka fahimci haka ba tare da wani ya gaya musu ba, suka yanke shawarar cike giɓin da jikinsu. Funk ya ɗaga Foley ya faɗa da shi kan allon nakiya, wutar ta cinye fatar dantsen Foley na dama. Foley ya jawo tsani ya hau ya diro wa Funk da gwiwar hannu. Ya sake hawa, Funk ya ture tsanin, Foley ya zube cikin wayar da ke madadin igiya. Ya ɓamɓare kansa daga ƙayoyin, ya ja jiki ya kwanta kan dattijon, alƙali ya ƙirga uku. Duka wasan minti 13 ne da 'yan daƙiƙu.

Foley ya ba da labarin abin da ya biyo baya a littafinsa Have a Nice Day!, wanda ya rubuta da hannunsa kuma ya hau saman jerin littattafan da aka fi saya na jaridar New York Times a 1999. Ladan wannan yini dala 300 ne. An yi masa ɗinki a kai da hannu, ya hau jirgi zuwa Amurka da ƙunar a dantse, ya isa gida matarsa tana tambayar ƙaurin me take ji, alhali naman mijinta ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A lissafa kuɗin ƙofar mutum dubu ashirin da wani abu, a ɗora na kaset ɗin bidiyo da aka yi shekaru ana sayarwa, sannan a dubi dala 300.

Kaset ɗin nan shi ya yi aikin da talabijin bai yi ba. Kafin intanet ta yaɗu, masoya resilin a Amurka da Ingila kan kwafi kaset su aika wa juna ta gidan waya, wani kwafin har ya dushe don yawan juyawa, kuma na Kawasaki yana cikin waɗanda aka fi nema. Kamfanin ECW na Philadelphia, wanda Paul Heyman ke jagoranta a wani tsohon zauren caca, yana tafe a kan wannan salo, kuma Funk da Foley duk 'yan gida ne a can. Ran 13 ga Afrilu, 1997, da ECW ya yi taronsa na farko na biya-ka-kalla mai suna Barely Legal, Funk ne ya ɗauki kambu yana da shekara 52. Babban kamfanin WWF, wanda yanzu ake kira WWE, ya ɗauki Foley a 1996 ya sa masa takunkumin fata ya kira shi Mankind, ya tsinci salon da ƙananan suka yi wa hidima da jininsu, ya wanke shi daidai yadda talabijin zai ɗauka, ya yi arziki da shi. A farkon 1999 Foley ya zama zakaran WWF. A Amurka kuma ƙananan kamfanoni irin su IWA Mid-South da CZW suka mayar da gasar karon mutuwa abin shekara-shekara, har da ƙwayayen fitila masu tsawo da ake fasa wa juna a baya, galibi a gaban 'yan ɗaruruwan mutane. Ko a Maris 2021 da kamfanin AEW ya gwada dandamali mai tashi tsakanin Kenny Omega da Jon Moxley, tartsatsi kawai aka gani, irin na Kawasaki.

Waɗanda suka share hanyar fa? IWA Japan bai sake ganin taro irin wannan ba, Quiñones da Goto duk suka bar shi ba da jimawa ba, ya yi ta lallaɓawa a ƙananan zauruka har 2014. ECW ya karye a 2001, WWE ya saye abin da ya rage. A Yulin shekarar Terry Gordy ya mutu yana da shekara 40. A Oktoba Hayabusa, wanda FMW ya dogara da shi bayan Onita, ƙafarsa ta zame a kan igiya ya faɗo da ka, ya shanye, ya mutu a 2016 yana da shekara 47. FMW ya rufe a farkon 2002, shugabansa Shoichi Arai ya kashe kansa saboda bashi bayan 'yan watanni. Onita dai ya ci zaɓen majalisar dattawan Japan a 2001, ya yi ta sallama yana dawowa. Foley ya tsira da hankalinsa da alƙalaminsa, amma an sauya masa ƙugu da gwiwa. Funk ya rasu ran 23 ga Agusta, 2023, yana da shekara 79.

Mu nan ba baƙin wannan kallo ba ne. Power Mike, wato Michael Okpala, a Kano ya fara nuna bajintar ƙarfi a ƙarshen shekarun 1950, daga baya ya zama mai shirya wasanni, ya kawo su Mighty Igor da Mil Mascaras Najeriya. Bayan zamaninsa aka shiga na kaset, sannan na faifai da na dish, kuma da yawa daga na'urorin da suka cika gidajen kallonmu a kwantena suka zo daga Guangzhou ta ƙasar Sin.  Kuma ba nisa da nan, a garin Dongguan da ke kan hanyar Shenzhen, wani da ake kira The Slam ya kafa ƙaramin kamfanin resilin mai suna CWE tun shekarun 2000. A hannunsa Ho Ho Lun na Hong Kong ya koyi wasa kafin WWE ta gayyace shi a 2016, kuma a Dongguan ɗin ne kamfanin Middle Kingdom Wrestling ya fara a 2015. Duk inda ƙaramin kamfani ya tsaya gaban babba hannu rabbana, abin da ya ci Onita da Quiñones yana jiran sa: in ba ka da kuɗin talla, jikin yaranka ne mafi arahar abin sayarwa.

Abin da ya sa na damu da wannan tarihi shi ne dambenmu ya iso daidai wannan mararraba. A da, ɗan dambe in ya yi kisa a gidan damben Kano ko na Dei-Dei, kari a hannunsa yake sauka, kowa na gani. Yanzu kyamara ta shigo, miliyoyin mutane a ƙasashen da ba su san ana kiɗan kalangu ba suna kallon yaran Kudu da Arewa da Guramada a YouTube, kuma abin da ya fi jan ido shi ne faɗuwar da ta fi muni. Kuɗin wannan kallo ba a fage ake liƙa shi ba, a asusun banki yake shiga, ɗan wasa bai ga ƙofarsa ba. Masu shirya dambe da masu ɗaukar sa a bidiyo, ku ajiye likita a bakin fage, ku hana wanda ya suma yau ɗaura zare gobe, ku rubuta wa ɗan wasa kasonsa na kuɗin bidiyo a takarda tun kafin a buga turmin farko. Ku kuma 'yan dambe da iyayen gidanku, kada ku shiga gaban kyamara sai kun ji nawa ne, kuma wa zai biya asibiti.